Tsutsar zuciya a jikin kare: me ya sa ba a yin allurar nan take?

Habu Mai Karnuka:

Assalamu alaikum. Likitocin dabbobi da masu kiwon karnuka da ke nan, ina neman ƙarin haske. Kare ne namiji, shekararsa 4, nauyinsa kilo 24. Ya ɗan jima yana busasshen tari, kuma da ya yi gudu kaɗan sai ya tsaya yana haki. Cin abincinsa bai ragu sosai ba, amma ya fara ramewa. An ɗibi jininsa an gwada, aka ce tsutsar zuciya ce. Likitan ya ce akwai allurar da ke kashe ta, amma ba zai yi masa ba sai bayan wata biyu. Kafin nan ƙwayoyi zai riƙa sha, kuma a hana shi gudu tun daga yau.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, tunda tsutsar tana ciki tana ɓarna, kuma maganinta yana nan, mene ne amfanin jira? Na biyu, karen nan ba ya iya zama wuri ɗaya, to yaya tsananin hana gudun yake? Na uku, akwai karya a gidan, tare suke kwana. Ita ma a fara mata magani?

Dakta Zainab:

Wa alaikumus salam, Malam Habu. Likitanka a kan hanya yake, kada ka matsa masa ya gajarta.

Da farko a tabbatar da cutar, domin maganin nan ba a yin sa a kan zato. Gwajin da aka fi yi yana gano wani sinadari ne da balagaggiyar tsutsa mace ke saki a cikin jini. In ya nuna akwai, ya kamata a sake gwadawa da wani nau'in gwajin daban, sannan a duba jinin a ƙarƙashin madubin likita a ga ko akwai 'ya'yan tsutsar suna yawo. Ganin 'ya'ya kaɗai bai isa ba, saboda akwai wata tsutsa mai suna Acanthocheilonema reconditum da ƙuma ke yaɗawa, 'ya'yanta suna kama da na tsutsar zuciya, alhali ba ta yin wata illa. Gwajin Knott ne ke taimakawa a bambanta su. Bayan haka a ɗauki hoton ƙirji don a ga yadda jijiyoyin huhu suka kumbura da ko ɓangaren dama na zuciya ya ƙara girma, a duba hanta da ƙoda, a duba fitsari. Karen da ke tari yana ramewa, wannan binciken ba na ado ba ne, shi ke nuna yawan haɗarin da ke gaba.

Yanzu maganar jira. Tsutsar nan, Dirofilaria immitis, sauro ne ke kawo ta. Ya ciji kare mai 'ya'yanta a jini, su yi kamar kwana 10 zuwa 14 a cikinsa suna rikiɗa, ya ciji wani karen ya zuba masa. Daga nan sai su bi ta ƙarƙashin fata da tsoka, su shiga jini, su isa jijiyoyin huhu, su balaga cikin wata 6 zuwa 7. Mace takan kai santimita 30, kuma suna iya rayuwa shekara 5 zuwa 7 a jikin kare. Duk da sunanta, yawancinsu ba a cikin zuciya suke zaune ba, a manyan jijiyoyin da ke kai jini daga zuciya zuwa huhu suke. Ka riƙe wannan, don duk abin da ya biyo baya a kansa ya rataya: tsutsar da ta mutu ba ta da hanyar fita. Ba ta fita ta kashi ko ta fitsari. Jini ne zai tura ta cikin ƙananan jijiyoyin huhu ta maƙale, jiki ya yi makonni yana narkar da ita. Don haka ba kashe su ne wahalar ba, a kashe su ba tare da gawarwakinsu sun toshe huhu ba, nan gizo ke saƙar.

Wata biyun nan ayyuka uku yake yi. Na farko, karen da sauro ya daɗe yana cizo yana ɗauke da tsutsotsi masu shekaru daban-daban. Maganin rigakafi na wata-wata yana kashe waɗanda ba su kai wata biyu ba, allurar kuma ba a tabbatar tana kashe waɗanda ba su kai wata huɗu ba. In aka yi allura yau, na tsakiya za su tsira, su balaga daga baya, a koma gidan jiya. In aka fara rigakafi aka jira, ƙananan sun mutu, sababbi ba su shigo ba, na tsakiyan sun girma sun kai inda allura za ta kama su. Na biyu, a cikin jikin tsutsar akwai wata bakteriya mai suna Wolbachia da tsutsar ke dogara da ita wajen girma da haihuwa. Idan tsutsa ta mutu ta ruɓe, sinadaran bakteriyar suna ƙara kumburin huhu da na ƙoda. Ƙwayar doksisaikilin da zai sha tana kashe bakteriyar, tsutsar ta raunana, kuma watan da ake bari bayan an gama shan sa yana ba jiki damar share abin da ya saura. Na uku, 'ya'yan da ke yawo a jini suna raguwa sannu a hankali, huhun da ya riga ya kumbura kuma ya ɗan lafa.

Ga tsarin da ƙungiyar masana tsutsar zuciya ta Amurka ta shimfiɗa, wanda likitoci da yawa ke bi, na lissafa shi da kilo 24.

Ranar farko: a ba shi maganin rigakafi na wata-wata. In akwai 'ya'yan tsutsa a jini, a fara ba shi maganin borin jini da firednison, wato maganin rage kumburi, kafin rigakafin, sannan a sa masa ido na aƙalla awa 8, gara a asibiti. Idan 'ya'yan suna da yawa suka mutu lokaci guda, kare kan yi amai, ya yi laushi, dasashinsa ya yi fari, wani har ya faɗi.

Rana ta 1 zuwa ta 28: doksisaikilin, miligiram 10 a kan kowane kilo, sau biyu a rana. Naka zai sha 240 safe, 240 yamma. In ƙwayar mai miligiram 100 ce, likita yakan kai shi biyu da rabi. A ba shi tare da abinci, a bi da ruwa, don busasshiyar ƙwaya in ta tsaya a maƙoshi tana ƙona shi. Kada a haɗa shi da maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe ko maganin ƙwarnafi, suna hana shi shiga jiki. In amai ko ƙin abinci ya yi yawa, kada ka tsayar da kanka, ka gaya wa likita ya rage zuwa 7.5 ko 5 a kan kilo. A kammala mako huɗun da ragi ya fi a yanke a tsakiya.

Tunda yana tari, mai yiwuwa a fara masa firednison tun yanzu: miligiram 0.5 a kan kilo sau biyu a rana a makon farko, sau ɗaya a rana a mako na biyu, sannan yau a sha gobe a huta a mako na uku da na huɗu. Wajen miligiram 12 ke nan kowane sha. Zai riƙa shan ruwa da yawa, da yawan fitsari da yunwa. Wannan aikin maganin ne, kada a hana shi ruwa.

Rana ta 30: rigakafi. Wajen rana ta 60: rigakafi da allurar farko ta melasomin, wato maganin da ke kashe manyan tsutsotsin, miligiram 2.5 a kan kilo, sai a sake zagayen firednison. Rana ta 90: rigakafi da allura ta biyu. Rana ta 91, wato bayan awa 24: allura ta uku, da wani zagayen firednison.

Raba allurar ma da dalili. Ta farko ita kaɗai tana kashe kusan rabin tsutsotsin, huhu ya sami wata guda ya share su kafin a kashe sauran. Allura uku a wannan tsari tana kashe kusan kashi 98 cikin 100, allura biyu kawai a jere kuwa wajen kashi 90, kuma duk a lokaci guda suke mutuwa. Ni a ganina ko kare bai nuna alamar ciwo ba, ukun ce ta dace, balle mai tari.

Malam Isyaku:

Dakta, Allah ya ƙara sani. Malam Habu, bari in ɗauki tambayarka ta biyu, don a nan ne karnuka suka fi salwanta, kuma a gida ake rasa su, ba a teburin likita ba.

Ka ɗauki magudanar ruwa da aka zuba wa karmami. In ruwa yana tafiya a hankali, karmamin yana zaune yana ruɓewa kaɗan-kaɗan. In aka sako ruwa da ƙarfi, sai ya kwashe shi gaba ɗaya ya cusa a inda hanya ta ƙuntata. Gudu da tsalle da hayaniya suna ɗaga bugun zuciya, jini ya ƙara ƙarfi, ya farfasa matattun tsutsotsi ya cusa su cikin jijiyoyin da dama sun kumbura. Jini ya daskare a kansu, wani yanki na huhu ya daina samun jini. Shi ya sa kare mai ƙarfin jiki da tsutsa kaɗan kan fi kare mai sanyin hali da tsutsa da yawa shiga haɗari.

Daga yau zuwa allurar farko: babu gudu, babu farauta, babu kokawa da karyar, babu bin abin hawa ko baƙo. Fita da igiya kawai, a taka a hankali. Daga allurar farko har mako 6 zuwa 8 bayan ta ƙarshe: keji ko ƙaramin ɗaki. Ya zama zai iya tsayuwa, ya juya, ya miƙe kwance, amma ba zai iya zagaye da gudu ba. A fitar da shi da gajeriyar igiya ya yi fitsari da kashi, minti 5 zuwa 10, sau uku ko huɗu a rana, a mayar da shi. In ka haɗa, wajen wata uku ke nan na tsarewa sosai. Ɗaure shi da doguwar sarƙa ba hutu ba ne, domin zai yi ta fizga yana tsalle a ƙarshenta. Haushi mai tsanani ma aiki ne ga zuciya, don haka a ajiye shi inda ba ya hangen ƙofa ko masu wucewa. Wurin ya zama mai inuwa da iska, saboda zafi yana sa haki, haki kuma yana ƙara wa zuciya nauyi.

Ka fara saba masa da kejin tun cikin wata biyun nan na jira, ana ba shi abinci a ciki, ana rufewa na ɗan lokaci ana ƙarawa. In aka bari sai ranar allura, zai kwana yana dukan ƙofa, abin da ake gudu ke nan. Ka rarraba abincinsa zuwa ƙananan kashi, ka ba shi abin taunawa mai tauri da ba ya tsagewa, wani ya riƙa zama kusa da shi yana shafa shi. A ɗan rage yawan abincin, tunda ba motsi kuma firednison yana buɗe ciki. In duk da haka ya ƙi natsuwa, akwai magungunan kwantar da hankali irin su tirazodon da gabafentin, likita ne zai tsara adadin. Ba da su ya fi barin kare yana hauka a keji nesa ba kusa ba.

Lokacin da ya fi haɗari shi ne kwana 7 zuwa 10 bayan kowace allura, amma abin yana iya bayyana har mako huɗu. Mutane suna ruɗuwa a daidai nan: bayan kwana uku ciwon wurin allura ya tafi, firednison ya sa kare walwala, sai a ce ai ya warware, a sake shi. A makon ne kuwa tsutsotsin ke mutuwa.

Ka riƙa ƙirga numfashinsa yana barci. Ɗagawar ƙirji da saukarsa ɗaya ke nan. Ka ƙirga na daƙiƙa 30 ka ninka biyu. Ƙasa da 30 a minti shi ne daidai. Ka fara tun yanzu kana rubutawa, don ka san nasa na yau da kullum. In ya haura 40 yana barci ya ƙi sauka, ko tari ya ƙaru, ko ka ga jini a abin da ya tofar ko a hanci, ko zafin jikinsa ya wuce digiri 39.5, ko dasashi ya yi fari ko shuɗi-shuɗi, ko ya ƙi abinci kwata-kwata, to asibiti a ranar, ko da dare ne. A ɗauke shi zuwa mota, kada a ja shi da ƙafa. Abin da za a yi masa a can shi ne iskar oksijin, cikakken hutu da firednison, kuma da yawa suna farfaɗowa in an kai su da wuri.

Game da allurar kanta, don ka san abin da kake gani: a kwalba za ka ga an rubuta melarsomine, ana sayar da ita da sunan Immiticide ko Diroban. Sinadarin asenik ne a ciki, wani nau'in guba. Kowace kwalba miligiram 50 ce ta gari, ana narkar da ita da mililita 2 na ruwan da ya zo da ita, ta zama miligiram 25 a kowace mililita. Kilo 24 zai ɗauki miligiram 60, wato mililita 2.4, don haka sai an buɗe kwalba biyu. Abin da aka narkar yana firiji a rufe daga haske, ba ya wuce awa 24, ba a daskarar da shi. A auna karen a sikeli a ranar kowace allura, kada a yi amfani da nauyin wata biyu da suka wuce, domin tazarar da ke tsakanin magani da guba a nan ƙarama ce: ninki uku na adadin ya isa ya cika huhu da ruwa ya kashe kare.

Ana yin ta can cikin tsokar gadon baya, gefen ƙashin baya a wajen ƙugu, tsakanin gaɓa ta 3 da ta 5. Ba a yin ta a jijiya, ba a yin ta ƙarƙashin fata, ba a cinya ba. Kare mai fiye da kilo 10 ana sa masa allura mai lamba 22, tsawon inci ɗaya da rabi, ƙarami kuma mai lamba 23, inci ɗaya. Bayan an zuƙo maganin sai a canza bakin allura, don abin da ya shafu a jikinta yana ƙona nama a hanyar shiga. In an zare a danne wurin na daƙiƙa 30. Ta biyu da ta uku ba a gefe ɗaya ake yi ba, yau dama gobe hagu. Dole kare ya tsaya cak, shi ya sa da yawa sukan ba shi abin da zai sa ya yi laushi tukuna. Kumburi da ciwo na 'yan kwanaki a wurin abu ne da aka saba gani, wani ma ƙullutu kan daɗe. Kada ka ba shi maganin ciwon jiki na mutane. Ibufurofen da diklofenak suna huda cikin kare, balle an haɗa da firednison. Asfirin ma da ake bayarwa da, yanzu an daina ba da shawararsa a wannan cuta.

Habu Mai Karnuka:

Na gode ƙwarai, Dakta da Malam Isyaku, yanzu na gane dalilin. Saura abu ɗaya. Wani mai kiwo ya ce mini in allurar ta yi wuyar samu, in sayi aibamektin na shanu in riƙa yi masa duk mako, wai yana kashe kowace irin tsutsa. Akwai gaskiya a ciki? In kuma melasomin ɗin bai samu ba da gaske, sai a zuba masa ido ke nan?

Dakta Bello:

Malam Habu, don Allah kada ka yi. Bari in nuna maka da lissafi. Aibamektin da kare ke buƙata don rigakafin tsutsar zuciya maikurogiram 6 ne a kan kilo (maikurogiram dubu ne miligiram ɗaya), sau ɗaya a wata, ta baki. Kilo 24 ya zama maikurogiram 144. Na shanu mai kashi 1 cikin 100 yana da maikurogiram 10,000 a kowace mililita. Ke nan rabon karenka bai kai mililita 0.015 ba, abin da ko ɗigo guda bai cika ba. Wanda ya zuƙi mililita ɗaya ya yi masa ya ba shi ninki kusan 70.

Illar ta fuska biyu ce. In jininsa cike yake da 'ya'yan tsutsa, babban adadi zai kashe su lokaci guda, jini ya faɗi, kare ya suma cikin 'yan awoyi. Sannan akwai karnukan da suka gaji wata tawaya a ƙwayar halitta da ake kira MDR1, an fi samunta a jinsin koli da danginsu na kiwon tumaki da waɗanda suka haɗa jini da su. A jikinsu maganin yana ratsawa ƙwaƙwalwa: dalala, tangaɗi, makanta, rawar jiki, dogon suma. Adadin rigakafi ba ya yi musu komai, babban adadi ne ke kayar da su. Kuma bayan duk wannan kasada, manyan tsutsotsin suna nan daram, don aibamektin ba ya kashe balagaggu nan take komai yawansa. Wani maganin da za a kiyaye shi ne dayetilkabamazin, tsohon maganin rigakafi na kullum. Ba a ba karen da ke da 'ya'yan tsutsa a jini, yana iya kashe shi. Milbemaisin kuma yana kashe 'ya'yan da sauri fiye da sauran magungunan wata-wata, don haka in shi aka zaɓa, shan farko a gaban likita.

In melasomin bai samu ba, ko hanta da ƙodar kare ba za su iya ɗauka ba, ba a zuba ido. Akwai hanyar kashewa a hankali, amma a san matsayinta. Aibamektin na wata-wata shi kaɗai yakan ɗauki shekara biyu ko fiye kafin ya gama da yawancin tsutsotsin, kuma duk tsawon lokacin suna ci gaba da goge bangon jijiyoyi, bangon yana kauri yana tabo. Tabon nan ba ya komawa ko bayan sun mutu, shi ke kawo hawan jini a huhu da gazawar ɓangaren dama na zuciya, har ciki ya tara ruwa. Abin da ya fi shi shi ne a haɗa doksisaikilin, miligiram 10 a kan kilo sau biyu a rana na mako huɗu, da moksidektin na ɗigawa a fatar wuya, miligiram 2.5 a kan kilo duk wata ba fashi. Irin wanda aka haɗa da imidakulofirid ne, Advocate ko Advantage Multi. Da wannan, karnuka da yawa gwajinsu yakan koma babu cikin wata 10 zuwa shekara. Ana gwadawa duk wata 6, kuma ba a cewa an gama sai gwaji biyu a jere sun nuna babu. In an shekara yana nan, a sake zagayen doksisaikilin.

Abin da ba a faye gaya wa masu karnuka ba shi ne, a wannan hanya ba ka san ranar da tsutsa za ta mutu ba. Da allura ka san makonnin haɗari, ka tsare shi ka gama. A nan kuwa dole a hana shi gudu tsawon duk watannin. Ga kare irin naka da ba ya zama, wannan ya fi wuya, ba sauƙi ba ne. Don haka shawarata: wata biyun farko na hanyoyin biyu iri ɗaya ne, doksisaikilin da rigakafi. Ka fara yau, likita ya yi amfani da lokacin ya nemo melasomin. A tabbata an sami na allura ukun duka kafin a yi ta farko, kwalba biyar zuwa shida ke nan a nauyinsa.

Dakta Zainab:

Na yarda da Dakta Bello. Saura maganar karyar, da wata alama da ba a jira da ita.

Ka riƙa kallon launin fitsarinsa duk safiya. In ya koma ja mai duhu ko ruwan ƙasa, tare da raunin da ya zo farat ɗaya, farin dasashi da numfashi sama-sama, to tsutsotsi sun gangaro daga jijiyoyin huhu sun cika ɗakin dama na zuciya da babbar jijiyar da ke dawo da jini. Suna hana ƙofar zuciya rufuwa, jajayen ƙwayoyin jini suna farfashewa a jikinsu, shi ne launin da ka gani a fitsari. Hoton duban zuciya yana nuna su a fili, layi biyu-biyu a jere. Wannan ba a yi masa melasomin. Tiyata ake yi, a buɗe jijiyar wuya ta dama a zura dogon hantsaki a zaro su. In ba a yi ba, yawanci kare ba ya wuce kwana biyu. Bayan ya murmure da 'yan makonni sai a yi allurar don waɗanda suka rage.

Karyar kuwa, kwana tare ko cin abinci a kwano ɗaya ba ya ba ta cutar, sai ta sauro. Amma sauron da ya cije shi yana cizonta, don haka a gwada ta, gwajin sinadari da na 'ya'yan tsutsa duka, kafin a ba ta komai. In babu, a fara mata rigakafi a ranar, a sake gwaji bayan wata 6, saboda tsutsar da ba ta kai wata 5 zuwa 6 a jiki ba gwaji ba ya ganinta. In akwai kuma tana da ciki, a gaya wa likita, domin ba a ba mai ciki doksisaikilin, kuma ba a tabbatar da lafiyar melasomin a kanta ba. Su biyun a sa musu maganin korar sauro na karnuka, a zubar da duk ruwan da ke kwance a kusa, a sa raga a wurin kwanansu. Masu fametirin a ciki suna aiki sosai, amma guba ne ga kyanwa, in akwai ta a gidan a yi hattara.

Bayan allura ta uku: a rana ta 120 a duba jini a ga ko 'ya'yan tsutsa sun ƙare. In suna nan a ba da maganinsu a sake dubawa bayan mako huɗu. Gwajin sinadari kuma sai wata 9 bayan allurar ƙarshe. In aka yi shi da wuri zai iya nuna akwai alhali tsutsotsin sun mutu, domin sinadarin yana daɗewa a jini, sai a sake yi wa kare allurar asenik a banza. In bayan wata 9 gwaji ya tabbatar akwai, a sake doksisaikilin na mako huɗu, sannan allura biyu da tazarar awa 24.

Komawa gudu ma a hankali ne: bayan mako 6 zuwa 8, likita ya saurari ƙirjinsa, a fara da tafiyar minti 10 da igiya, ana ƙarawa duk mako muddin tari bai dawo ba. Warkewa ba ta ba shi kariya, sauro ɗaya ya isa ya mayar da shi, don haka rigakafin wata-wata ya ci gaba duk shekara har ƙarshen rayuwarsa, da gwajin jini sau ɗaya a shekara.